Amurkawa da ƙwallon ƙafa: ƙauna ce ta gaske, ko zazzaɓin kofin duniya ne kawai?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a gidajen kallo na nan Agege tun da aka tabbatar Amurka ce za ta ɗauki kaso mafi tsoka na gasar cin kofin duniya ta 2026. Wani ɓangare na cewa an kai kaya kasuwar da ba a sayensu. A ganinsu Ba'amurke bai san tamaula ba, abin da ya sani shi ne zari-rugarsu ta NFL da ƙwallon kwando. Idan ƙasarsa na buga kofin duniya sai ya ɗaga tuta na mako biyu, ana cire su ya koma harkarsa. Ɗaya ɓangaren kuma na cewa in haka ne, me ya sa gasar 1994 ta tara jama'ar da har yau ba a kamo ba? Me ya kai Messi Miami? Me ya sa attajiransu suka saye manyan ƙungiyoyin Ingila?

Ina roƙon waɗanda suka san abin su warware mana. Da wane ma'auni ake gane ko mutanen ƙasa suna son wasa da gaske? Kuma in suna so, ga kuɗi ga yawan jama'a, me ya hana su fitar da tawagar da za ta tsorata duniya? Allah ya saka da alheri.

Mai Lissafi (Obalende) ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Agege. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, mudun awonsu ne ya bambanta.

Mu fara da 1994 ɗin. Wasanni 52 aka buga, mutum kusan miliyan 3 da dubu 600 suka shiga filaye, wato kusan dubu 69 a kowane wasa. Qatar a 2022 ta buga wasanni 64 amma ta tsaya a wajen miliyan 3 da dubu 400. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai cikar fili ba ta isa hujja ita kaɗai ba, saboda filayen Amurka manya ne tun asali: Rose Bowl da ke Pasadena, inda Brazil ta doke Italiya a bugun fenariti, ta ɗauki mutum sama da dubu 94 a ranar. Kuma ƙasar baƙi ce. Duk tawagar da ta sauka can za ta tarar da danginta suna jiranta. Lokacin da Najeriya ta lallasa Bulgeriya 3-0 a Dallas, Yekini ya riƙe raga yana kuka, akwai 'yan Najeriya mazauna Texas a kan kujerun.

Ma'aunin da ya fi nuna gaskiya shi ne talabijin, don shi ne ke nuna mutumin da yake zaune a gidansa, babu mai tilasta masa, ya zaɓi wannan tashar ya bar waccan. Wasan Amurka da Portugal na 2014 ya ja mutum kusan miliyan 25 idan an haɗa tashar Turanci da ta Sifaniyanci. Wasan ƙarshe na 2022 tsakanin Ajantina da Faransa, wanda babu Amurka a ciki, shi ma ya kai wajen miliyan 26 a Fox da Telemundo. Ka ajiye wannan gefe, ka ɗauko Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL: a 2024 ya haura miliyan 120. A ƙasa mai mutum kusan miliyan 340, ƙwallon ƙafa a ranarta mafi girma tana kama mutum bakwai ko takwas cikin ɗari, NFL tana kama sama da kashi ɗaya cikin uku. To ka ga mai cewa ba su damu ba da NFL yake aunawa, mai cewa sun damu kuma yana kallon miliyan 25 ɗin, wanda ya fi yawan al'ummar ƙasashe da dama da ke zuwa gasar.

Kuskuren da ake yi shi ne a ce "Amurkawa" kamar mutum ɗaya ne. Masu kallon ƙwallo a can gida uku ne, kuma ba su cika haɗuwa ba.

Gida na farko, wanda ya fi kowa zafi, shi ne na masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Sun haura miliyan 60, mafi yawansu 'yan asalin Mexico. Waɗannan ba sai an koya musu ba, da ita aka haife su. Gasar lig ta Mexico tana cikin waɗanda aka fi kallo a talabijin ɗin Amurka, tawagar Mexico kuma tana yawan buga wasannin sada zumunta a biranen Amurka saboda a can ne kuɗin ƙofa yake. A wasan ƙarshe na Gold Cup, gasar ƙasashen yankinsu, na 2011 a Rose Bowl, mutum sama da dubu 93 suka shiga, mafi rinjayensu Mexico suke goyon baya, Amurka tana gida amma tamkar baƙuwa. Wannan ne dalilin da ya sa hukumar ƙwallon Amurka ta daɗe tana kai wasan neman gurbi da Mexico ƙaramin filin Columbus da ke Ohio, wuri mai sanyi, inda za ta iya sarrafa tikiti. A can ta ci 2-0 har sau huɗu a jere: 2001, 2005, 2009 da 2013. Duk ƙasar da sai ta ɓoye wasanta daga manyan biranenta kafin ta sami magoya baya, ka san akwai magana.

Gida na biyu su ne masu bin Firimiya da gasar Zakarun Turai. Tun 2013 tashar NBC ke nuna Firimiya, kuma da aka sabunta yarjejeniyar a 2021 an kai dala biliyan 2.7 na shekara shida. Wasan da muke kallo a nan da la'asar ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe ne a New York, ƙarfe 7 a Los Angeles. Mutumin da zai tashi bakwai na safe ranar hutunsa don ya ga Arsenal ba za a ce masa ɗan kallon biki ba. Sai dai da yawansu ba sa kallon lig ɗin ƙasarsu, kamar yadda matasanmu suka san benci na Chelsea kaf amma ba za su lissafo 'yan wasa uku na Kano Pillars ko Remo Stars ba.

Gida na uku su ne mafi yawa, kuma su 'yan Agege ke nufi: masu tuta. Suna fitowa duk bayan shekara huɗu kamar yadda suke fitowa wa Olamfik. An gwada su a 2018. Amurka ta sha kashi 2-1 a hannun Trinidad da Tobago a Oktoban 2017, ta kasa zuwa Rasha karo na farko tun 1986, sai masu kallon gasar a tashar Turanci suka ragu sosai. Amma ba su ɓace ba, gida na farko da na biyu suna nan. Wanda ya rage bayan an cire masu tuta, shi ne ainihin jarin ƙwallo a ƙasar, kuma yana ƙaruwa daga gasa zuwa gasa.

Kocin Yara (Mile 12) ya amsa:

Malam Mai Lissafi, Allah ya ƙara basira. Amma ni a ganina ba a talabijin gizo ke saƙa ba. Kallo daban, haihuwar ɗan wasa daban, kuma tambayar ƙanenmu ta biyu a nan take.

Ka duba yadda yaro ke tasowa a Legas. Fili ne na rairayi a ƙarƙashin gada ko bayan kasuwa, duwatsu biyu a matsayin raga, ƙwallo ɗaya ga yara ashirin, wanda aka ci ya fita. Yaron da ya yi shekara biyar a haka ya taɓa ƙwallo sau dubbai a matsattsen wuri, ya koyi kare ta da jiki, ya koyi yanka saboda in bai yanka ba za a ƙwace. Kocin unguwa kuma yana ɗaukarsa kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don ribarsa tana gaba: ranar da aka sayar da yaron. Dokar FIFA ma ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23.

A Amurka an juya abin. Uba ne ke biya. Kuɗin rajista, kuɗin koci, riga, otal, mai, jirgi, duka daga aljihun iyaye, kuma a manyan ƙungiyoyin yara abin yakan kai dubban daloli a shekara. Nisan ƙasar ma ya ƙara tsada: daga New York zuwa Los Angeles kusan kilomita 4,000 ne, kamar daga Legas zuwa Alƙahira. Daga nan matsaloli ke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya. Ɗan mai ƙaramin ƙarfi, musamman ɗan baƙin haure da ya fi kowa son wasan, ba ya shiga ciki. Koci kuma tunda iyaye ne abokan cinikinsa, dole ya ci wasan ƙarshen mako don kada su kwashe 'ya'yansu, sai ya zaɓi yaro mai tsawo da gudu, a riƙa dogon bugu ana bi. A shekara 12 wannan yana cin kofi. A shekara 19, lokacin da kowa ya girma, sai ka tarar da ɗan wasa mai ƙarfi da numfashi amma taɓawarsa ta farko tana gudu ta bar shi.

Sai hanyar jami'a. A NFL da kwando, jami'a ce matattarar 'yan wasa, kuma tsarin ya dace da su. A ƙwallon ƙafa bai dace ba. Kakar jami'a gajera ce, daga Agusta zuwa Disamba, wasanni a cunkushe, ana canja ɗan wasa ya huta ya sake dawowa. Yaro ya fito yana da shekara 22 bai taɓa buga cikakkiyar kaka ta ƙwararru ba, alhali sa'ansa a Faransa ko Brazil ya yi shekara huɗu yana karawa da manya.

Shi ya sa in ka duba fitattunsu za ka ga yawanci ba ta wannan ƙofar suka bi ba. Pulisic ya tafi Dortmund yana ɗan 16, daga nan Chelsea, ya ci kofin Zakarun Turai a 2021, sannan AC Milan. McKennie ya bar makarantar FC Dallas ya tafi Schalke. Folarin Balogun, ɗan iyaye 'yan Najeriya, a New York aka haife shi amma Arsenal ce ta rene shi a Landan, sai a 2023 ya zaɓi buga wa Amurka. Yunus Musah ma a New York aka haife shi, iyayensa 'yan Ghana, ya tashi a Italiya da Ingila. Tim Weah ɗan George Weah ne, ya ƙarasa tarbiyyarsa a PSG.

Adalci shi ne a ce sun fara gyarawa. Makarantun ƙungiyoyin MLS, wato babban lig ɗin Amurka, yawancinsu kyauta ne yanzu, kuma tun 2019 MLS ta amince da shiga tsarin biyan kuɗin reno na FIFA, wanda da ta ƙi. Da zarar ƙungiya ta ga za ta iya sayar da yaro, kamar yadda Dallas ta sayar da Ricardo Pepi ga Augsburg, sai ta fara neman hazaƙa maimakon aljihun uba. Amma makarantu talatin ba za su rufe ƙasa mai girman nahiya ba.

Kuma kada a raina tarihinsu. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a 1930, sun doke Ingila 1-0 a Belo Horizonte a 1950, sannan suka yi shekara arba'in ba su je ba sai 1990. A 2002 sun ci Portugal 3-2, sun cire Mexico, Jamus ce ta tsayar da su da ci ɗaya a zagayen 'yan takwas. Ghana ta fitar da su a 2006 da 2010, suka rama a 2014. A Qatar sun yi canjaras da Ingila, sun ci Iran, Holan ta cire su 3-1. Tawaga ce mai wuyar ci, amma zagayen 'yan 16 ya zame mata bango.

Maman Ummi (Idi-Araba) ta amsa:

Malamai, sannunku da ƙoƙari, amma duk kun yi maganar rabin ƙasa kun bar rabi. Ɗan Agege ya tambayi me ya hana su fitar da tawagar da za ta tsorata duniya. Ai sun fitar, ta mata ce. Kofin duniya huɗu: 1991, 1999, 2015 da 2019. Babu ƙasar da ta kamo su.

Wasan ƙarshe na 1999 da China, a Rose Bowl ɗin nan dai, mutum 90,185 suka shiga. Na 2015 da suka ci Japan 5-2 ya ja mutum sama da miliyan 25 a talabijin, wato kafaɗa da kafaɗa da manyan wasannin mazan da Mai Lissafi ya ambata. Kuma ruwa ba ya tsami banza. A 1972 suka yi wata doka da ake kira Title IX, wadda ta ce duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba za ta nuna bambanci tsakanin namiji da mace ba, har a wasanni. Jami'o'in da ke kashe maƙudan kuɗi a zari-rugar maza sai suka nemi wasan da zai ɗauki mata da yawa don a daidaita, ƙwallon ƙafa ta dace. Hanyar jami'ar da Koci ya ce tana kashe maza, ita ce ta raya mata, domin a lokacin babu wata ƙasa da ke ba 'yan mata fili da koci da tallafin karatu irin haka.

Mu ma abin ya shafe mu. A gasar 1999 ɗin Super Falcons suka fara zura wa Amurka ƙwallo a Chicago kafin a ci su 7-1, amma sun kai zagayen 'yan takwas, suka farke ci uku a hannun Brazil kafin a cire su 4-3. Asisat Oshoala, 'yar Ikorodu, ta koma Bay FC a 2024, Michelle Alozie kuma ta yi suna a Houston Dash. Kocin da ya kai Falcons gasar 2023, Randy Waldrum, Ba'amurke ne daga tsarin jami'a.

Gaskiya ne Turai ta taso, Sweden ta cire su a zagayen 'yan 16 a 2023. Amma duk wanda zai auna son ƙwallo a Amurka ya tsallake uwar da ke kai 'yarta atisaye sau uku a mako, awonsa bai cika ba.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Hajiya, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. To Malam Mai Lissafi, ina matsayin MLS a duk wannan? Kuma ga masu gidajen kallo da ke karantawa: tunda Super Eagles ba za su je ba, wane lokaci wasannin za su riƙa faɗowa a nan, kuma me ya kamata a shirya?

Mai Gidan Kallo (Alaba Rago) ya amsa:

Ƙanena, batun lokaci shi ne zai raba mai riba da mai asara, don haka a riƙe lissafin da kyau.

Gasar za ta fara 11 ga Yuni ta ƙare 19 ga Yuli. Ƙasashe 48, rukuni 12, wasanni 104. Amurka na da 78 a birane 11, Mexico da Kanada 13 kowacce. Biyun farko na kowane rukuni da takwas mafi kyau cikin na uku za su wuce zagayen 'yan 32, wanda da babu shi.

Agogo uku za ka riƙe, da na huɗu na Mexico. Gabas, wato New York, Boston, Philadelphia, Atlanta, Miami da Toronto: ƙara awa 5 ka sami lokacin Legas. Tsakiya, wato Dallas, Houston da Kansas City: awa 6. Biranen Mexico uku: awa 7. Yamma, wato Los Angeles, San Francisco, Seattle da Vancouver: awa 8. Wasan buɗewa na Mexico da Afirka ta Kudu a filin Azteca da wasan ƙarshe a MetLife na New Jersey duka ƙarfe 8 na dare za su faɗo mana, lafiya lau. Amma wasan da aka sa ƙarfe 6 na yamma a Los Angeles, ƙarfe 2 na dare ne a nan, kuma kwanan wata ya riga ya canja. A nan ake yawan kuskure: a rubuta Juma'a a allo saboda haka jadawalin Amurka ya nuna, alhali a wurinmu daren Juma'a ne wayewar Asabar. Wanda aka sa ƙarfe 9 na dare a can yamma kuwa, biyar na asuba ne, zai ci karo da sallah. Rubuta jadawalinka da agogon Najeriya tun farko, ka liƙa a ƙofa.

Kada ka ce sai ka nuna duka 104. Ka zaɓa. Wasannin ƙasashen Afirka irin su Ghana, Senegal, Moroko, Masar da Kwaddibuwa, sai Brazil, Ajantina, Faransa, Ingila, Sifaniya da Portugal, su ne za su ja mutane ko da dare ya yi. Sauran na bayan ƙarfe ɗaya, in benci biyu ne kawai za su cika, kuɗin ƙofa ba zai biya mai ba. Matsakaicin janareto da ke ɗauke da talabijin biyu da fankoki yana shan kusan lita ɗaya a awa. Wasan rukuni ka ƙiyasta awa biyu da ɗan ɗori, na sili-ɗaya-ƙwale awa uku saboda ƙarin lokaci da fenariti.

Abu biyu ne za su iya ɓata lissafin. Na farko namu ne: Yuni da Yuli tsakiyar damina ce a Ikko, hadari mai nauyi yana yanke siginar dish. Ka sa a ɗaure dish ɗin da kyau kafin gasa, a duba igiyar da ke shiga bakinsa, a naɗe mahaɗar da tef don kada ruwa ya shiga, sannan ka tanadi intanet a waya ko kwamfuta da igiyar haɗawa da talabijin don ko ta kwana. Na biyu nasu ne: a Amurka idan aka ga walƙiya kusa da fili, ana dakatar da wasa na minti 30, in ta sake walƙawa a sake ƙirga daga farko. A gasar ƙungiyoyi ta duniya ta 2025, wasan Chelsea da Benfica a Charlotte ya tsaya kusan awa biyu ana saura 'yan mintuna a tashi. Ka bar galan ɗaya a gefe saboda irin wannan, ka kuma sanar da jama'a tun a ƙofa cewa tikiti na wasa ne, ba na awa ba. Filayen Atlanta, Dallas da Houston suna da rufi, can ba a cika samun wannan ba.

In za a kai dare, a sanar da masu unguwa da 'yan sintiri tun da wuri, a rage lasifika bayan sha biyu. Maƙwabci da zai fita kasuwa da asuba yana da haƙƙi.

Mai Lissafi (Obalende) ya ƙara da cewa:

Batun MLS, Ɗan Agege. Ita kanta 'yar kofin duniya ce: FIFA ta ba Amurka gasar 1994 ne da sharaɗin ta kafa lig na ƙwararru, tunda wanda Pele ya buga a ciki da New York Cosmos ya rushe bayan kakar 1984. Aka fara a 1996 da ƙungiyoyi 10. Da farko sun so su gyara wasan ya yi kama da nasu: agogo yana ƙirgawa baya, babu canjaras, in an tashi kunnen doki sai ɗan wasa ya taho da ƙwallo daga yadi 35 ya fuskanci gola cikin daƙiƙa biyar. Masu son ƙwallo suka ƙi, waɗanda ba sa so kuma ba su zo ba. Bayan 1999 aka watsar da wannan, a 2002 ma sai da aka rufe ƙungiyoyi biyu na Florida.

Yau ƙungiyoyi 30 ne, matsakaicin 'yan kallo sama da dubu 20 a wasa, Atlanta United kan haura dubu 40. San Diego ta biya dala miliyan 500 kafin a ba ta gurbi. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai yarda a ce ƙungiyarsa ta faɗa ƙaramar gasa ba, shi ya sa babu hawa babu sauka, kuma akwai iyakar albashi. Dokar da aka yi a 2007 saboda Beckham ce ta ba kowace ƙungiya damar ɗaukar 'yan wasa ƙalilan a wajen iyakar. Ta nan Obafemi Martins ya shiga Seattle a 2013, ta nan Messi ya shiga Miami a 2023. Illar tsarin ita ce tauraro uku a gaba, masu tsaron baya na arha, kuma ƙungiyar da ke ƙasan teburi ba ta da abin tsoro. A fili lig ɗin yana da rai. A talabijin ne yake baya, kuma yarjejeniyar nuna wasanni da kamfanin Apple, wadda ta fara aiki a 2023, ta kawo kuɗi amma ta ɓoye wasannin daga mai yawo tsakanin tashoshi.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ba a cika faɗa ba. Talabijin ɗin Amurka talla ce ke riƙe da shi. Wasan NFL minti 60 ne a agogo amma yana cin sama da awa uku, ana tsayawa ana sa talla, kuma tallar daƙiƙa 30 a Super Bowl na 2024 ta kai wajen dala miliyan 7. Ƙwallon ƙafa minti 45 ce a jere babu inda za a cusa komai sai hutun rabin lokaci. Tashar da ke da zaɓi ta san wanda za ta tallata. A wannan gasar FIFA ta ce za a tsaya shan ruwa na minti uku a tsakiyar kowane rabi, a duk wasanni, ko da zafi ko babu. Zafin Yuni a Miami da Monterrey gaskiya ne, 'yan wasa suna buƙata, amma tsayawar ta kuma buɗe wa tashoshi tagar da ba su taɓa samu ba.

Filayen ma aro ne. Duka goma sha ɗayan da za a yi gasar a cikinsu a Amurka na NFL ne. Faɗin filin NFL bai kai mita 49 ba, FIFA kuma tana son mita 68 a faɗi da 105 a tsawo, don haka a wasu sai an cire kujerun kusurwa. Da yawansu ciyawar roba ce, dole a shimfiɗa ta gaske a kai, da magudanar ruwa a ƙasa, a rufaffun kuma a jera fitilu a madadin rana. In aka yi gaggawa ba a bari saiwa ta kama ba, mahaɗar shimfiɗun tana buɗewa, ƙwallo ta riƙa mutuwa a wani wuri tana tsalle a wani. Kocin Ajantina ya koka da haka a Atlanta lokacin Copa America ta 2024. Jami'o'in Tennessee da Michigan State sun yi shekaru suna bincike da FIFA a kan wannan, kuma Michigan State ɗin ce ta jagoranci aikin ciyawar filin Silverdome a 1994, inda aka fara buga wasan kofin duniya a rufaffen fili.

Masu musun Agege su ajiye alƙaluman Yuni da Yuli, don za su yi kyau ko ta yaya, musamman in tawagar Amurka ta koci Pochettino ta tsallake zagaye biyu. Su jira Satumba, makon da NFL za ta dawo, su duba mutum nawa ne ke kallon wasan MLS na daren Asabar, da yara nawa aka yi wa rajista a makarantun da ba a biyan ko sisi.